Daga Ƙofar Kware Zuwa Bayan Gari

Yau shirinmu ya taso ne daga Ƙofar Kware a birnin Sakkwato, inda hanya ta miƙe arewa zuwa Kware har Illela. Ku tsaya nan da sassafe ku ga abin da ke shigowa: albasa, latas, tumatir, nono a ƙwarya, duk daga ƙauye. To, idan ruwan sama ya wanke bayan gari ya gangara fadamar Rima, ina ƙazantar za ta ƙare? A akushinmu.

A 2021 amai da gudawa ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, Sakkwato ma ta ji jiki. Shekara biyu kafin nan Shugaba Buhari ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Jigawa ta cika alkawari tun 2022.

Amma takardar Abuja ba ta haƙa masai. Dattawanmu na tuna duba-gari da tararsa. Yana juya baya ake komawa jeji. Ma'aikacin lafiya na yau ma, in ya shiga ƙauye da wa'azi kawai, "To, Malam" zai samu, shi ke nan. Kuma ba jahilci ba ne. Tambayi magidanci, zai ce maka ya taɓa haƙawa, ƙasar rairayi ce, damina ɗaya ramin ya rufta, ga tsadar siminti. Wanda ya san yadda ake ɗaure bakin rami yana nan cikin garin: maginin rijiya. Wa ya taɓa gayyatarsa taron lafiya?

A Bangaladash, wajen shekarar 2000, wani mai suna Kamal Kar ya gwada wata dabara. Mutanen gari ne ke zana taswirar garinsu a ƙasa, su nuna inda kowa ke zagayawa, su bi sawun ƙuda da kansu har bakin tukunya. Ma'aikaci tambaya ce tasa kawai. Dabarar ta iso Najeriya.

Abin da ya fi damuna shi ne kashin yaro. Iyaye mata da yawa na ganin ba shi da illa, sai a watsar bayan danga, alhali yara ne gudawa ta fi kamawa, kashinsu kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta. Wannan magana ba ta lasifika ba ce. Ungozoma ce ke shiga ɗakin mai jego ba shamaki, ita za ta ce: "Ɗiyata, sa mashi fo, ki juye a masai, ki wanke hannu da sabulu ko toka."