Magana Jari Ce: me ke cikin littafi na uku da yawancinmu muka tsallake?

A Bangi, cikin gundumar Madawa, waɗanda suka taso da karatun Hausa sun san Magana Jari Ce, ko da kuwa ba a lakkol suka gamu da shi ba. Mu da Faransanci aka koya mana karatu. Littafin ta hannun ƴan kasuwa masu zuwa Sakkwato yake shigo mana, bangonsa a yage, yana yawo gida-gida. Amma in ka tambayi mutum abin da ya tuna, na ɗaya zai ba ka, wani lokaci na biyu. Na uku kuwa sai a yi shiru.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rubuta littafin ne a Zariya a 1936, bisa gayyatar Rupert East na Hukumar Talifi. An buga shi kashi uku daga 1937 zuwa 1939, shekarar da Imam ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Labaran da ke ciki sun haura 80.

A na ɗaya, aku ne ke tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labari kowane dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, kuma a ƙarshe akun ne ya samu wazircin. A na biyu ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. Duka biyun akwai abin da ke jan mai karatu: ko yaro zai tsira, ko wa zai yi nasara.

Na uku ba shi da wannan fargabar, shi ya sa muna yara muka ga kamar ya yi sanyi. Waziri aku ya zama uba, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar. Da na sake karanta shi bana, sai na ga a nan ne Imam ya fi buɗe cikinsa. Uban yana ba da labari, ɗan yana saurare yana gwadawa, in ya kauce a kwaɓe shi. Ana nuna masa cewa magana tana da wuri da lokaci, kuma mai ba da labari a gaban sarki dole ya san wanda ke sauraronsa. Ɗan jarida ma, in ya karanta, zai ji kamar da shi ake.

Darasin ya dace da yadda aka gina littafin kansa. Yawancin labaran ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. East ya tara wa Imam littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin ƴan'uwa Grimm na Jamus, kuma shi kansa aku mai hana mutum fita da labari daga Indiya ya samo asali. Imam ya sauya musu suna da gari da karin magana, har mai karatu a Bangi ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Wasu masana na kiran wannan aro. Ni dai ban ga wanda ya yi aron da ya kai nasa kyau ba.

Dalilin waiwayar littafin yanzu a fili yake. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Wannan na nufin za a buƙaci masu juya dokoki da darussa da labarai zuwa Hausa, kuma mafi yawanmu da Faransanci muke tunani in mun ɗauki alƙalami. Abin da ke fitowa sau da yawa Faransanci ne sanye da rigar Hausa, wanda manomi a Buza ko Keita zai saurara har ƙarshe bai kama komai ba.

Kamfanin NNPC na Zariya ne ke buga littafin, kuma ana samunsa a shagunan littattafai na Sakkwato da Katsina da Kano. Mai saye ya duba da kyau, don sau da yawa na ɗaya kaɗai ake miƙo masa.