Fitilun Gargaɗin Birki a Motocin Zamani: Ma'anarsu da Hanyar Gyara

Gabatarwa

Bahaushe ya ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ma'anar fitilun birki da ke kunnuwa a gaban direba, da yadda ya kamata a bi sawun matsalarsu, musamman ga masu bin hanyoyin Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Asalin Na'urorin

A shekarar 1978, wadda a cikinta aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori, kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da birkin nan da ake kira ABS. Aikinsa shi ne hana ƙafafun mota sandarewa idan an taka birki da ƙarfi, don kada sitiyari ya ƙwace wa direba. A 1995 kuma aka ƙaro na'urar da ke hana mota yin katantanwa a kwana ko a kan santsi. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, wasu motocin Jamus kuwa ESP. Tsohuwar Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna ba ta san waɗannan ba, amma akasarin motocin Kwatano na ɗauke da su.

Na'urorin biyu sun dogara ne ga wani ɗan ƙaramin abu da makanikai ke kira sensa, wanda ke manne a kowace ƙafa yana ƙidaya juyawarta, yana kai wa kwamfutar mota rahoto. Da zarar rahoton ƙafa ɗaya ya yanke, sai kwamfutar ta janye hannunta, ta kunna fitila.

Bambancin Launi

Fitilar ABS ruwan ɗorawa ce. Idan ita kaɗai ta kama, birki na nan yana ci kamar na tsohuwar mota, kariyar ce kurum ta tafi, saboda haka ana iya lallaɓawa zuwa gareji. Jar fitila kuwa ba a wasa da ita, domin ko dai birkin hannu ne ba a sauke ba, ko man birki ya yi ƙasa. In ja da ɗorawa suka kama tare, wajibi ne a tsaya.

Matakan Bincike

Na farko, a duba man birki. In ya ragu, kada a tsaya ga ƙarawa, a nemi dalili: ko abin da ke damƙe faifan ƙafa ya cinye, ko wani bututu na yoyo. Nau'in man da ya dace, DOT 3 ko DOT 4, a rubuce yake a kan murfi.

Na biyu, a auna batir. Lafiyayye kan nuna kimanin bolt 12.6 in mota na kashe, da wajen 14 in inji na aiki. Raunin batir kaɗai kan sa fitilu su kama.

Na uku, a duba fis, da ɗan makunnin fitilar baya da ke jikin abin taka birki.

Na huɗu, a ɗage mota a duba sensa da wayoyinta. A nan ne yanayin ƙasarmu ke shigowa. Motar da ke shiga gonakin rani na Bakolori ta kwaso shinkafa ko tumatir zuwa kasuwar Talata, kullum tana cikin taɓo ko ƙura, ga ramuka da ke kashe boris suna tsinka waya. Sau da yawa wankewa ko ɗaura waya shi ne maganin.

Na biyar, a tabbatar tayoyin huɗu girmansu ɗaya, domin ƙaramar taya ta fi babba saurin juyawa, wannan kuwa kan rikita kwamfuta. Har ila yau, bayan an yi saitin ƙafa, wasu motoci na bukatar a sake daidaita sensar sitiyari.

Daga ƙarshe, a sa kwamfutar gwaji wadda ke iya karanta sashen birki, ita za ta faɗi ƙafar da ke da laifi. A yawancin motocin Toyota, matsalar inji ma kan kunna fitilar VSC. Sai an gama duk wannan ne ya halatta a zargi famfon ABS, wanda shi ne mai tsada.

Kammalawa

Babbar illa ita ce ɗabi'ar cire ƙwan fitilar ko liƙe shi don a ɓoye aibi, ba a kashe cuta ba, an kashe mai kawo labari. Mai sayen mota na iya gano wannan cikin sauƙi: idan aka murɗa makulli, dole fitilun su kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu, in ba su kama ba sam, to akwai lauje cikin naɗi. Direba kuma ya sani, in birki ya yi rawa a ƙarƙashin ƙafarsa lokacin tsayawar gaggawa, aikinsa yake yi, kada ya saki. Amma a kan burji ko rairayi, mota mai ABS kan daɗa nisa kafin ta tsaya. Don haka rage gudu a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, da lungunan da suka ratse daga gare ta, shi ne birkin da ba ya lalacewa.