Gobara a Lokacin Hunturu: Mu Tsare Rumbunanmu

Jama'a manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. An ɗaure harawa, an tara kara, an killace ganyen gyaɗa. Ga hunturu ya kama, iska tana busowa daga arewa maso gabas dare da rana. Kome ya bushe ƙayau. A wannan lokaci ne gobara take cinye wahalar shekara guda cikin awa guda.

Wata shekara, aikin gona ya kai ni wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Yauri, a yankin Matameye. Na tarar an yi gobara da dare. Wata mata ce ta gama tuwo, ta ga kamar wuta ta mutu a murhu, ta kwanta. Iska ta tono garwashi daga cikin toka, ta jefa shi a gindin danni. Danni ya kama, ya miƙa wa rumfa, rumfa ta miƙa wa rumbu. Maigidan ya kai ni wurin, ya ɗebo hatsin da ya zama gawayi, ya ce mini: «Malamin gona, ga abincin iyalina har damina.» Ba a rasa rai ba, amma kafin bazara ya sayar da shanun nomansa, manyan ƴaƴansa suka tafi ci-rani Kano.

Su wane ne ƴan kwana-kwana?

Ƴan kwana-kwana sojoji ne da aka horar don kashe gobara da ceton mutane. Lambar kiransu a Nijar ita ce 18. Ban da kashe wuta, suna koya wa jama'a yadda za su kare kansu. Amma mu duba nisa. Daga Damagaram zuwa Matameye, ta Takeita da Kance, ya fi kilomita 80. Daga nan kuma sai hanyar rairayi. Bukkar kara kuwa ba ta jiran kowa. Saboda haka, a ƙauye, mu ne ƴan kwana-kwanan farko. A kira 18, a sanar da maigari da jandarma, amma kada a naɗe hannu ana jiran mota.

Darasin farko da suke koyarwa shi ne: wuta tana bukatar abu 3. Tana bukatar abin ci, kamar kara ko zana. Tana bukatar iska. Tana bukatar zafi. In ka raba ta da ɗaya daga ciki, sai ta mutu. Ruwa yana kashe zafi. Ƙasa tana toshe iska. Share fili yana hana ta abin ci.

Abin da ya faru a ƙasarmu

A watan Afrilu na 2021, wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, aka sake yin irin haka a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƙananan yara ƴan rainon makaranta cikin ajin zana. A watan Mayu na 2019 kuma, tankar mai ta faɗi kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka zo kwasar esansi, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka mutu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Zanar da ta ƙone a Maraɗi irin wadda ke gidajenmu ce.

A gida

1. In an gama girki, a yayyafa wa garwashi ruwa ko a binne shi da ƙasa. Toka tana ɓoye wuta har safe.
2. A gina wa murhu ƴar katanga ta laka. Kada a kafa shi jikin danni.
3. Kada a aiki yaro ɗebo wuta a maƙwabta a kan ɓallin tukunya alhali iska tana kaɗawa.
4. Kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe. Ko bai kama shimfiɗa ba, iskar gawayi tana kashe mutum cikin barci, ba ta da wari.
5. Esansin babur da na injin ban ruwa, a ajiye shi nesa da murhu da ɗakin kwana. A ɓoye ashana inda yara ba su kaiwa.

A wajen rumbuna

Tunda iskar hunturu daga gabas da arewa take zuwa, tartsatsi yamma da kudu yake tafiya. Manomi ya tsaya a bakin murhun gidansa, ya duba abin da ke yamma da shi. In rumbu ne ko tarin harawa, to a gusar da ɗaya.

A share ciyawa da kara kewaye da rumbuna, kamar taki 10, har ƙasa ta fito fili. A bar rata tsakanin rumbu da rumbu. Kada a jingina harawa jikin rumbu. Kada kuma a tara ta da ɗanyenta, domin harawa mai laima tana yin zafi daga ciki, tana ruɓewa, wani lokaci har ta kama da kanta. Wanda yake da hali ya raba hatsinsa wuri 2.

A gona

Wasu suna cinna wa kara wuta lokacin sharar gona. Wannan hasara ce biyu. Karan da aka bari kwance yana tare ƙasa kada iska ta kwashe ta, gara kuma ta mai da shi taki. Sannan wuta tana kashe ƙananan gawo da muke raino. An san ƙasar Matameye da Magarya da Mirya da yawan gawo, kuma kowa ya ga yadda hatsi yake kyau a gindinsa. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci ga mai sa wa daji wuta. In ƙonawa ta zama dole, a tara shara wuri guda, a ƙone da sassafe kafin iska ta tashi, a tsaya har wutar ta mutu.

In wuta ta kama

A yi kururuwa. A fara fitar da yara, da tsofaffi, da marasa lafiya, a kwance dabbobi. Kada kowa ya koma ɗaki don ɗauko kaya. Samari su kayar da danni da rumfar da ke gaban wuta, inda iska ta nufa, don ta rasa abin ci. Wutar esansi ko ta man girki, ba a zuba mata ruwa, domin ruwa yana watsa ta. A rufe tukunya da murfi, ko a zuba ƙasa.

Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu. Ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. A zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko ƙwai. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti.

Aikin gayya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane gari ya zauna gaban maigari, a zaɓi samari masu kula da wuta. Kowane gida ya kwana da tulu cike, da tarin rairayi a bakin ƙofa. A san amalanken wa zai ɗauko duro daga rijiya. A san mai buga ganga. Maigari yana iya roƙon hukuma ta gayyato ƴan kwana-kwana da ma'aikatan gandun daji su zo su yi wa jama'a bayani ranar kasuwa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabtanku wannan takarda a dandali, ku karanta wa mata a cikin gida. Ku rubuta lamba 18 a jikin bangon zaure. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.