Tsaunin Obudu: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Ba a wasan zamiya kan ƙanƙara a Najeriya, amma Hausawa mazauna Inugu, Anacha da Fatakwal na da wurin shan iskar tsauni kusa da su: Obudu, a Ƙaramar Hukumar Obanliku ta Jihar Kuros Riba, daf da iyakar Kamaru.

Turawa ne suka kafa wurin a 1951 domin kiwon shanu, bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,600. Daga Inugu ana bi ta Abakaliki da Ogoja.

Hanyar hawa na da kwana 22 cikin kilomita 11, don haka wajibi ne direba ya duba birki, ya guji tafiyar dare. Da damina hazo kan rufe hanya, shi ya sa rani ya fi dacewa. Baƙo kuma ya riƙe rigar sanyi.