Mariƙin Waya a Mota da Hunturun Zariya

Da an shiga watan Disamba, masu fita da mota da sassafe daga Samaru zuwa Sabon Gari sukan gamu da wani ɗan abin haushi da ba su saba gani da damina ba. Mariƙin wayar da aka liƙa a gilashin gaba, wanda ya yi wata da watanni yana nan daram, sai a wayi gari a tarar da shi a ƙasa. Wani ma ba zai saki ba sai an wuce Palladan an doshi Kwangila, taya ta faɗa rami, shi da wayar su gangaro ƙarƙashin ƙafar direba. Abin da ke fara zuwa baki shi ne, ai kayan ne jabu. Wani lokacin haka ɗin ne, amma ko mai tsada ka saya, yanayin garin nan zai gwada shi.

Shekaru kaɗan da suka wuce ba mai damuwa da wannan. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma direban da ya rasa hanya yakan sauke gilashi ne ya tambayi mai shayi. Yanzu waya ake tambaya. Zariya kuwa gari ne na baƙi. Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafuwarta a 1962, take jawo mutane daga kowane sashe na ƙasar nan, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Uban da ya taso daga Ilori zai kawo ɗiyarsa makaranta bai san harabar jami'ar ta Kongo daban take da ta Samaru ba, sai taswira ta nuna masa. Motocin Beljiyom da muke hawa da yawansu suna zuwa da allon taswira a jikinsu, sai dai titunan Jamus ko na Amurka ne a ciki, ba ruwansa da titunan Zariya. Masu ƙananan na'urorin Garmin ko TomTom kuma 'yan tsiraru ne. Don haka aikin ya koma kan wayar hannu, ita kuma dole a samo mata wurin zama.

Bari mu fara wanke hazo daga zargi, domin akwai masu cewa shi ke sa taswira ta rikice. Na'urar nuna hanya, waya ce ko waninta, tana sauraren saƙo ne daga taurarin ɗan Adam. Na tsarin GPS mallakar Amurka ne, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma na'ura na bukatar jin aƙalla guda 4 kafin ta gane inda take. Rasha da Turai da Sin kowa na da nasa tsarin, wayoyin zamani kuma sukan haɗa su. Saƙon nan na rediyo ne, yana ratsa ƙura da gajimare ba tare da wata matsala ba. Ƙurar da iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana iya hana jirgi sauka, amma ba ta hana waya sanin inda take. Abin da ke tare saƙon shi ne rufin ƙarfe, shi ya sa wayar da aka jefa cikin aljihun giya ta fi yawan ruɗewa. Sanin wuri kuma ba ya cin data. Zanen taswirar ne ke bukatarta, kuma ana iya sauke na Zariya da kewaye a Google Maps tun daga gida, ya yi aiki ko an shiga inda babu sabis.

To me ke kayar da mariƙin? Robar nan mai zagaye da ke riƙe shi a gilashi ba gam take amfani da shi ba. Aikinta irin na ƙahon wanzami ne: an fitar da iskar da ke ciki, iskar waje ta danne ta a jikin gilashi. Muddin bakin robar ya zauna lif, ba inda iska za ta kutsa, za ta riƙe. Hunturu kuwa ta hanya uku yake ɓata wannan zama. Sanyin asuba na sa roba ta ƙage, ta daina lanƙwasuwa yadda za ta bi jikin gilashi. Bushewar iska na ɗauke ɗan danshin da ke taimaka wa bakin robar ya toshe. Sai ƙura, wadda ita ce babbar mai laifi. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, tana shiga mota ko an rufe ko'ina, kuma ƙwaya kaɗan a ƙarƙashin roba sun isa su buɗe wa iska hanya. A hankali iskar ke shiga cikin dare, har nauyin mariƙin ya rinjayi abin da ya rage.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Motar da ta kwana cikin jaura ita ce dai za a ajiye a rana tsaka a bakin kasuwar Sabon Gari, gilasai a rufe. Cikinta zai yi zafi ƙwarai ko da ana hunturu. Robar ta yi laushi da rana, ta ƙage da dare, gobe ma haka. Wannan kai da komo shi ke tsufar da ita, har ta tashi daga siffarta ta zama fayau, ko ta fara tsagewa a baki.

Maganin mai sauƙi ne ga wanda zai iya jure yi. A wanke wurin da tsumma mai ɗan ruwa, ba busasshe ba, domin goga busasshen tsumma a kan ƙura karce gilashi yake yi. A bar shi ya bushe. A wanke robar ita ma, a ɗumama ta a tafin hannu, sannan a liƙa da hantsi lokacin da gilashi ya ɗan yi ɗumi. Liƙawa da asuba, hannu na rawar ɗari, aikin banza ne. Bayan 'yan kwanaki a cire a sake.

Shawarwarin da ake karantawa a intanet kan wannan batu yawancinsu daga ƙasashen ƙanƙara suka fito, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili, batir ya mutu farat ɗaya, allon na'ura ya riƙa jan jiki. Bai kamata mu ari tsoronsu ba. Muku-mukun Zariya, duk da yadda yake sa mu rufa da bargo biyu, da wuya ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Ka ga sanyinmu bai ko kusanci iyakar ƙasa ba, alhali iyakar sama kullum muna tsallake ta a watannin Maris da Afrilu. Wayar da ke manne a gilashi, rana na dukanta, tana caji, allonta a kunne, taswira na aiki, wuta huɗu ke cinta a lokaci ɗaya. Sanyi kan rage ƙarfin batir na ɗan lokaci, in ya ɗumama ya dawo. Ɓarnar zafi kuwa ba ta gyaruwa, shi ke kumbura batir. A ganina duk wanda zai zaɓi wurin ɗora waya a garin nan, da bazara ya kamata ya yi lissafi, ko da a hunturu ya saya.

Wannan ne ya sa wasu suka bar gilashi gaba ɗaya. Akwai mariƙin da ake liƙawa da gam a kan dashbod. Yana da kyau in an goge wurin da sifirit, musamman motar da masu wanki suka saba shafa wa man ƙyalli, don gam ba ya kama mai. Gam mai kyau irin na 3M yana ɗaukar har awa 72 kafin ya gama kamawa, saboda haka wanda ya liƙa ya ɗora waya nan take ya cuci kansa. Akwai na maƙalawa a hancin esi, wanda ke sanyaya waya da bazara, amma da hunturu in an kunna hita sai a rufe wannan hancin, in ba haka ba gasa ta za a yi. Haƙarƙarin hancin a tsohuwar mota kuma ya riga ya bushe, bai da wuyar karyewa. Na maganaɗisu yana da saurin ɗorawa da cirewa, sai dai babbar waya kan zame a hanya mai gargada.

Wanda na fi yarda da shi shi ne na ƙira. Sabon Gari ba ta rasa masu walda da masu gyaran jikin mota, kuma aikin bai fi ƙarfinsu ba: ɗan guntun ƙarfe a lanƙwasa shi, a ɗaure da notin da tun asali yake jikin motar, kamar na gefen rediyo ko na ƙafar kujera, a ɗora kan mariƙi na kasuwa a bakinsa. Abin da noti ya riƙe ba ruwansa da ƙura ko sanyi. Sai dai a kafa wa maƙerin sharaɗi. Kada ya huda dashbod, domin bayansa wayoyin wuta ne cunkus. Kada hannun ya yi tsawo, don dogon hannu ya fi karkarwa. A goge kaifin bakin ƙarfen, a sa masa roba, saboda ranar da aka taka birki da ƙarfi gwiwar wani ce za ta same shi. In kuma za a ja wayar caji ta dindindin, a kai wa mai gyaran wutar mota ya sa mata fis. Haɗa waya kai tsaye da batir don gudun kashe 'yan kuɗi kaɗan hanya ce ta gobara.

'Yan acaɓa da masu Keke Napep su ma sun shiga sahu. Su babbar matsalarsu girgiza ce. A 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa karkarwar injin babur na iya lalata kyamarar wayoyinsa, don haka mariƙi mai ɗan matashin roba ya fi musu. Ƙura kuma takan cika musu ramin caji, sai a zaci caja ce ta lalace. Tsinken sakace ya isa a share a hankali, ban da allura.

Kowane iri aka zaɓa, wurin da aka sa shi ya fi komai. Kada ya tare ganin hanya, musamman a safiyar hazo da mai tafiya a ƙasa ba ya bayyana sai an zo dab da shi. Kada ya zauna a kan murfin jakar iska ta gaban fasinja, domin in ta fashe da wayar za ta harbo. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta lissafa amfani da waya yayin tuƙi cikin laifuffuka, kuma samun mariƙi bai zama lasisin latse-latse ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 33 cikin daƙiƙa 2. Duk wanda ya san bakin babbar ƙofar jami'a a Samaru da ƙarfe takwas na safe, ɗalibai na tsallakawa, babura na kutsawa, manyan motocin Funtuwa na saukowa, ya san abin da ke iya faruwa a cikin mita 33.

Saboda haka, direba, ka rubuta inda za ka tun kana tsaye, ka kunna murya ta riƙa faɗa maka kwana. In wayar ta faɗo kana tafiya, ka bar ta a inda ta faɗa har ka samu gefen hanya ka tsaya. In ka yi fakin, ka cire ta ka tafi da ita, don rana da ɓarawo duk ita suke jira.