Ciwon Ɓarin Kai: Ba Iska Ba Ce, Ba Raki Ba Ne

Da wuya mako ya wuce ba a ji hukumar NDLEA ta kama tiramadol ko kodin ba, kuma nan take hankali ke komawa kan samarin unguwa. Ba a cika tuna matar auren da ciwon ɓarin kai ya sa ta fara aika yaronta kemis ba.

Ciwon yakan kama gefe ɗaya na kai yana sara, da tashin zuciya ko amai, mutum ya tsani haske da hayaniya, daga awa 4 har 72. Wasu kafin ya sauko sukan ga walƙiya ko layuka suna rawa a idonsu. Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da shi, mata sun ninka maza sau uku.

Walƙiyar nan ce ke sa a ce iska ce, a kawo hayaƙi, wanda ƙarfin warinsa ma kan ƙara tayar da ciwon. Alhali magabata sun san cutar sarai. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi ƙaho a kansa yana cikin harami saboda ciwon ɓarin kai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninta a littafinsa na likitanci. Su sun ɗauke ta cutar jiki, mu kuwa yau mace ta kwanta a ɗaki mai duhu sai a ce raki ne ko gudun girki.

Daga nan sai ƙwaya. Wanda ke shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko mai kodin kwana 10, maganin da kansa kan koma haddasa masa ciwon kai kullum. Akwai maganin da aka yi musamman domin wannan cuta, sumatriptan, tun 1991, ga kuma na rigakafi masu arha irin su propranolol. Mai kemis nawa ne ke cewa "Hajiya, je ki ga likita"?

Mai ganin walƙiya ta gaya wa likita kafin ta fara ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa alamar sanƙarau ce, a garzaya asibiti. Magidanta, ku kai matanku asibiti. Hukumomi kuma su sa ido a kan masu sayar da ƙwaya barkatai.