Wa Zai Kama Mana Ɓarawon Gani?

 Kowace shekara manyan asibitocin ido na duniya su kan ba da sanarwa, suna neman likitoci matasa waɗanda za su zo su zauna shekara ɗaya ko biyu suna binciken wani ciwo da a ke kira gilakoma, wanda mu ke ce wa hawan jinin ido. Watakila wata ta ce, ina ruwan mai tuƙa tuwo da sanarwar likitoci? To, ku kasa kunne tukuna.

Ko da ya ke an sa masa sunan jini, ruwa ne tushen abin. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai wanda kullum ya ke ɓuɓɓugowa, yana kuma fita ta wata 'yar rariya. Kun dai san abin da kan sami tsakar gida in rariya ta toshe da damina. Haka nan galibi ruwan nan ya kan taru, ya matse jijiyar gani, ta dinga mutuwa sannu a hankali. Ba zafi, ba ja, ba kwantsa. Ganin gefe shi ke fara tafiya, sai ki ga tsohuwa tana tuntuɓe da turmi, a ce tsufa ne. Yanar ido a kan cire ta mutum ya koma gani, amma abin da wannan ciwo ya ɗauke ba ya komowa har abada.

Daga 2005 zuwa 2007 an zaga Nijeriya an duba idanun mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Wata likita 'yar ƙasarmu, Dokta Fatima Kyari, ita da abokan aikinta suka bi lissafin, suka bayyana shi a shekarar 2015. Cikin kowane mutum 100, 5 suna da ciwon. Cikin masu ciwon, ɗaya daga 5 ya riga ya makance. Waɗanda suka san suna ɗauke da shi kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba. Ku duba fa, mace ce ta ja gaba wajen tona mana wannan asiri.

Mene ne amfanin binciken? Maganin da aka saba da shi na ɗigawa ne, kullum, har iyakar rai, ga tsada, ga mantuwa. A asibitin ido na Moorfields da ke Landan, wanda aka kafa tun 1805, an jagoranci gwajin gyara rariyar nan da hasken leza. An gwada mutum 718, aka ba da labari a 2019 cewa kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka yi wa leza sun shekara 3 ba su bukaci ɗiga magani ba. Aka sake gwadawa a garin Moshi ta Tanzaniya, sakamako ya fito a 2021: bayan shekara guda leza ta yi aiki a ido 61 cikin 100, maganin ɗigawa na timolol kuwa a 31. Irin wannan aiki a ke kiran likitocin nan su zo su koya.

To, yarinya, in kina sha'awa, ga hanya. Tun a sakandare ki riƙe lissafi da Turanci da darussan kimiyya da kyau. Karatun likita shekara 6 ne, sa'an nan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekara guda ta bautar ƙasa. Bayan wannan sai horon ƙwarewa kan ido, wajen shekara 5, a irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Daga nan ne a kan nemi gurbin bincike.

Mai nema ta kan aika da takardar tarihin karatunta da aikinta, da wasiƙa mai faɗin dalilinta, da sunayen manyan likitocin da za su shaide ta. In Ingila ce, tilas ta ci jarrabawar Turanci, ta kuma yi rajista da hukumar likitocin ƙasar kafin ta taɓa majiyyaci. Sa'an nan a kira ta a yi mata tambayoyi. Abin da ya fi ɗaga mai nema shi ne a ga ta taɓa yin ɗan bincike da kanta, ko da ƙidayar majiyyatan asibitinsu ce, me ya sa su kan zo a makare. Saboda haka ta saba da ajiye lissafin aikinta tun da wuri. In an hana ta bana, ta gyara takardunta ta sake nema baɗi.

Ku kuma iyaye mata, naku aikin biyu ne. Na farko, kowa ta kai shekara 40 ta je a auna mata ido, ta kuma ja maigida, balle in a dangi akwai wanda ya makance ba a san dalili ba, don ciwon ya kan bi jini. Kada ku ɗiga wa ido maganin da likita bai rubuta ba, gama waɗansu na ƙara masa matsi. Na biyu, kada ku cire yarinya mai ƙoƙari daga makaranta don gajen haƙuri. Hanyar nan doguwa ce, amma ba ta hana aure, in an sami miji da uwar miji masu taimako. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Watakila 'yar da ki ke aike ɗibar ruwa yau, ita ce za ta ceci idonki gobe.

Sai mako mai zuwa.